Gidan da Ake Sarrafawa da Waya: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da soket da kwan lantarki masu Wi-Fi suka fara cika shaguna, tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaitawa. Masu sabon gini suna yi, 'yan haya suna yi, matan gida suna yi, haka ma matasan da ke son haɗa kayan da hannunsu. An tattaro waɗanda aka fi yawan yi a nan. Ma'auni ɗaya aka auna kowace amsa da shi: ranar da aka ɗauke wuta, data kuma ta ƙare, abin zai ci gaba da aiki ko kuwa?

Wai me ake nufi da gida mai haɗi da intanet?

Gida ne da kayan cikinsa, irin su fitila da fanka da injin ruwa da ƙofa da kyamara, suke karɓar umarni daga nesa, ko su yi aiki da kansu idan wani sharaɗi ya cika. Abu uku ke haɗuwa. Akwai na'urar da ke ji, wato mai gane zafi ko motsi ko hayaƙi ko yawan ruwa. Akwai mai aikatawa, galibi ɗan makunni ne da ke haɗa wuta ko ya yanke ta. Sai mai yanke shawara a tsakaninsu. Tanki ya cika, na'urar ji ta ba da labari, mai shawara ya ce a kashe, makunni ya kashe injin.

Babbar magana ita ce inda mai yanke shawarar nan yake zaune. A wasu kayan, a cikin gidanka yake. A yawancin masu araha kuwa, yana can cikin rumbun kwamfutocin kamfani a China ko Amurka, umarninka sai ya je can ya dawo. Kamar maigidan da sai ya aika Legas neman izini kafin ya kunna fitilar ɗakinsa ke nan.

Sabon abu ne?

Ko kaɗan. A 1975 wani kamfani a Sukotilan, Pico Electronics, ya fito da tsarin X10, wanda ke aika umarni ta cikin wayoyin wutar gida. A 1982 ɗalibai a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka jona injin sayar da lemon kwalba da kwamfuta, don su san ko akwai mai sanyi kafin su taso daga ofis. A 1999 Kevin Ashton, yana aiki a Procter & Gamble, ya yi jawabin da ya sa batun haɗa kaya da intanet ya samu suna.

Kasuwar ta buɗe sosai bayan 2010. Nest ya fito da na'urar daidaita ɗumin gida a 2011, Google ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.2. Philips Hue, kwan da ke canza launi, ya zo a 2012. Amazon Echo, lasifika mai amsa magana, ya biyo baya a ƙarshen 2014. A ganina abin da ya kawo kayan nan kasuwanninmu ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wani ɗan guntun kayan lantarki ne mai suna ESP8266, na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2014 da Wi-Fi a jikinsa kan 'yan daloli kaɗan. Daga nan kowace ƙaramar masana'anta a Shenzhen ta iya sa intanet a soket.

A lura da abin da Nest ya fara magancewa: tsadar ɗumama gida lokacin sanyi. Matsalar mutanen Amurka ce. Kowa ciwon gidansu yake fara nema wa magani, shi ya sa kaya da yawa ba su dace da mu ba ko da suna da kyau.

Ba mu da tsayayyar wuta. Anya ba asarar kuɗi ba ce?

Ya danganta da abin da ka saya. Masu ƙera kayan nan sun ɗauka wuta ba ta ɗaukewa, kuma wannan zaton yana fitowa a wurare uku.

Na farko, dawowar wuta. Kwan lantarki da yawa an tsara su su kama da zarar wuta ta shigo musu. Idan NEPA ta kawo wuta ƙarfe biyun dare, sai ɗakin kwana ya haskaka fayau, jariri ya farka. A manhajar yawancinsu akwai wurin da za ka zaɓi abin da na'ura za ta yi in wuta ta dawo: ta kama, ta zauna a kashe, ko ta koma yadda take. Kafin ka biya kuɗi, ka tabbatar akwai wannan zaɓin. Ga dutsen guga da hita da injin ruwa, a kashe ake barin su, babu ja.

Na biyu, na'urar Wi-Fi ɗin gidan. Ita ce hanyar da duk saƙo ke bi. In ta mutu, soket ashirin ɗinka sun kurmance. Ka sa ta a layin inbata, ko ka saya mata ɗan batir nata. Ba ta cin wuta sosai, kusan wat 5 zuwa 10 ne.

Na uku kuma ba a cika yin lissafinsa ba. Kowane soket ko makunni mai Wi-Fi yana shan kusan wat ɗaya ko da abin da aka jona masa a kashe yake, domin kunnensa a buɗe yake yana jiran umarni. Guda ashirin wat 20 ke nan, a awa 24 ya zama wat-awa 480. Batir mai 200Ah da bolt 12 yana ɗaukar kimanin wat-awa 2,400, kuma in irin mai ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a ja. Ka ga kaso mai tsoka ya tafi a zaman jira. Wanda ke kan wutar gwamnati ta awa 24 ba zai ji ba, amma mai sola zai ji a jikin batirinsa wajen asuba.

Sai kuma wuta mai hawa da sauka. Ƙananan kayan nan ba sa jure wutar da ta zo da ƙarfi bayan ɗaukewa. Na'urar kariya da ake sawa a babban akwatin wuta, mai yanke layi in ƙarfin ya wuce ƙa'ida kuma ta ɗan jira kafin ta mayar, ta fi kowane kwan mai launi muhimmanci.

To idan data ta ƙare ko sabis ya ɗauke fa?

Kayan da ke dogaro da rumbun kamfani za su daina jin wayarka, ko da kana tsaye a gabansu. Wasu suna riƙe jadawalin lokaci a jikinsu, su ci gaba da kunna fitilar waje da magariba. Masu aiki ta cikin gida kuwa ba ruwansu da sabis. Abin da za ka rasa kawai shi ne sarrafawa daga nesa.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma a shago ya kamata a yi shi. A cire layin da ke cikin na'urar Wi-Fi a bar ta a kunne, sannan a danna manhaja. In fitilar ta amsa, madalla. Kuma duk abin da za ka saka, ka bar makunnin hannu a bango. Baƙo da tsohuwa da yaron da aka aika su kunna fanka ba manhaja za su nema ba.

Soket da kwan ba sa cin data. Kyamara ce ke ci. Wadda ke tura hoto kai tsaye a kan megabit ɗaya a daƙiƙa tana cinye kusan gigabait 11 a yini guda. Ka sa mata katin ajiya ta riƙa naɗa a ciki, ta aiko saƙo kawai in ta ga motsi.

Ina ganin Wi-Fi, Zigbee, Thread da Matter a jikin kwali. Wanne zan ɗauka?

Ukun farko hanyoyi ne da kaya ke aika wa juna saƙo ta iska. Wi-Fi ya fi sauƙin farawa, ba ka bukatar ƙarin akwati, amma yana shan wuta, kuma ƙaramar na'urar Wi-Fi ta aljihu tana da iyakar yawan kayan da za ta ɗauka. Zigbee da Thread ba sa shan wuta, ƙaramin batir irin na agogo yana riƙe na'urar jin buɗewar ƙofa shekara ko fiye. Suna bukatar akwatin tsakiya, wato na'urar da ke haɗa su da Wi-Fi ɗin gida. Kayansu da ke jone da wuta suna miƙa wa juna saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki, abin da ke taimakawa a gida mai sassa da yawa da bango mai kauri. Amma in aka ɗauke wuta masu miƙa saƙon suka mutu, na'urar da ke can ƙarshen gida ta yanke. Sai a dubi waɗanda za a ɗora a layin inbata.

Matter daban ne. Yarjejeniya ce kan yadda kaya za su fahimci juna. Amazon da Apple da Google da ƙungiyar Zigbee suka sanar da aikin a Disambar 2019, sigar farko ta fito a Oktoban 2022. Manufar ita ce kwan kowane kamfani ya yi aiki da manhajar kowane kamfani, kuma ta cikin gida. Ba a kai ga cika alkawarin duka ba, domin wasu abubuwan na musamman har yanzu sai a manhajar mai kayan ake samunsu. Duk da haka, in kaya biyu sun zo kusa a farashi, ɗauki mai tambarin Matter.

Gargaɗi ga masu sa 'yan'uwa su yo musu tsaraba: wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ka karanta jikin kayan kafin ka jona.

Sabon soket ɗina ya ƙi haɗuwa da Wi-Fi.

Galibi zango ne, domin Wi-Fi zango biyu gare shi. Yawancin kayan nan 2.4 GHz kaɗai suke ji, wayarka kuma ta hau 5 GHz. Mayar da wayar kan 2.4, ka sake gwadawa kusa da na'urar.

Zan iya jona sumo da soket mai Wi-Fi in riƙa kunnawa daga kasuwa?

Kada ka jona kai tsaye. A jikin soket za ka ga an rubuta 10A ko 16A, sumo mai ƙarfin doki ɗaya kuma kusan wat 750 ne, sai lissafi ya nuna kamar ya isa. Amma inji mai moto yana fizgar wuta ninki da yawa a lokacin tashi, kuma wannan fizgar ce ke cinye bakin ɗan makunnin da ke ciki. Wata rana sai ya manne, manhaja ta nuna maka a kashe alhali injin yana ta aiki. Mai wayarin ya sa maka kontakto, wato babban makunni mai jure fizgar inji. Soket ɗin ya riƙa kunna kontakton, shi kuma ya ɗauki nauyin injin. Haka ake yi wa na'urar sanyaya ɗaki da babbar hita.

Kuma in damuwarka ambaliyar tanki ce, maganinta ya girmi intanet. Makunni mai yawo a saman ruwa, wanda ke yanke wuta in tanki ya cika, yana nan a shagunan kayan famfo, ba ya neman data.

Makunnin bango masu Wi-Fi su kuma da yawansu suna bukatar wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, alhali a gidaje da dama layif, mai kawo wutar, kaɗai aka ja zuwa makunni. In gini kake yi, gaya wa mai wayarin tun kafin filasta ya kai nutural kowane akwati. Bayan an yi fenti, fasa bango ne.

Kuɗina kaɗan ne. Da me zan fara?

Da abin da ke ceton rai. Hayaƙin janareto yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barci. Ƙararrawar da ke gane ta tana aiki da batir. Sai mai gane yoyon gas a kicin. A nan ana yawan kuskure: gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka kusa da ƙasa ake maƙala na'urar. Ta hayaƙin gobara ita ce ake kaiwa silin. Kada a sa ta inda uwargida ke turaren wuta, in ba haka ba za ta yi ta ihu har wani ya gaji ya cire batirin, shi ke nan ta zama ado. Ƙurar hunturu ma tana ruɗa ta, a riƙa gogewa.

Bayan waɗannan, fitilar waje mai kama kanta in duhu ya yi, da na'urar da ke nuna maka yawan cajin batir da abin da kowane layi ke ja. Firij mai allo da labulen da ke jan kansa su jira.

Gaskiya ne ana iya yi wa kayan nan kutse?

Gaskiya ne, kuma ba sai da wata gwaninta ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60, irin waɗanda masana'anta ke sawa mutane kuma ba sa canzawa. Da haka ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin naɗar hoto. Ranar 21 ga Oktoba aka tura su gaba ɗaya kan kamfanin Dyn, wanda ke nuna wa kwamfutoci hanyar zuwa manyan shafukan intanet, sai Twitter da Netflix da Reddit suka ƙi buɗuwa a sassa da yawa na Amurka. Masu kyamarorin ba su ma san da kayansu aka yi aikin ba. Birtaniya ta kai ga kafa doka, wadda ta fara aiki a Afrilun 2024, ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri guda ta kowa da kowa.

Abin da ke hannunka: canza kalmar sirri ranar da aka ɗaura kayan, ka karɓi sabunta manhaja in ya zo, ka buɗe wa baƙi Wi-Fi daban. Wani abin kuma ya fi masu kutsen ƙetare kusa. Yaron da ya zo ya ɗaura maka kyamara, sau da yawa da wayarsa da imel ɗinsa yake buɗe asusun, don ya fi masa sauri. Ya tafi, amma yana iya ganin tsakar gidanka. Ka tsaya a kansa a buɗe da sunanka, in ya gama ka sake kalmar sirri.

Lasifikar nan mai amsa magana tana sauraron hirarmu?

Kunnenta a buɗe yake tana jiran a kira sunanta. In ta ji, sai ta naɗi abin da ya biyo baya ta tura wa kamfani. Matsalar ita ce tana kuskuren ji, ta farka ba a kira ta ba. A 2019 jaridar Bloomberg ta bayyana cewa ma'aikatan Amazon suna sauraron wasu daga cikin muryoyin don gyara tsarin. A 2023 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 25 a Amurka kan ajiye muryoyin yara, reshensa na Ring mai yin kyamarorin gida kuma dala miliyan 5.8 bayan zargin cewa ma'aikata sun samu damar kallon hotunan cikin gidajen mutane. Akwai maɓallin kashe makirfo a jikinta. Ni dai ba zan ajiye ta a ɗakin kwana ba.

Maigidana yana son sa kyamara a falo da tsakar gida don yana yawan tafiya. Hankalina bai kwanta ba.

Kina da hujja, 'yar'uwa. Ginin gidan Bahaushe kansa ya raba waje da ciki: baƙo ya tsaya a zaure, ya yi sallama, sai an ba shi izini. A ciki ne mace ke ajiye mayafi. Kyamarar da ke tura hoto rumbun wani kamfani ta tsallake duk wannan, kuma ba ke kaɗai abin ya shafa ba. Maƙwabciyar da ta shigo barka, da 'yar aiki, da ƙanwarki da ta zo hutu, ba wadda aka tambaya.

In tsaro ne manufar, ɓarawo ta ƙofa ko katanga yake shigowa. A sa kyamara a ƙofar gida da gareji da bayan katanga, a karkata ta yadda ba za ta leƙa gidan maƙwabta ba. A ciki, na'urar jin buɗewar ƙofa da ƙararrawa sun wadatar, ba sa ɗaukar hoton kowa. Ki kawo masa wannan shawarar. In kuma dole sai an sa, ya zama kowa a gidan ya sani, kuma ke ma asusun yana wayarki.

Makulli mai karanta yatsa fa?

Yana da daɗi a gidan da yara ke yawan ɓatar da makulli. Sai dai jiƙaƙƙen hannu da sabon lalle da yatsun tsofaffi da suka goge sukan ba shi wahala. Sayi mai lambobi da ramin makulli na gaske, ka ajiye makullin a wajen gidan, wurin wanda ka yarda da shi.

Idan kamfanin ya rufe?

Ya sha faruwa. Revolv akwatin tsakiya ne da aka sayar kan dala 300. Nest ya sayi kamfanin, a watan Mayun 2016 ya kashe rumbunsa, akwatunan suka daina aiki ɗungurungum. A Afrilun 2022 Insteon ya kashe nasa ba sanarwa, sai daga baya wasu masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka saye shi suka farfaɗo da shi. Fanka tana shekara 20 a gida, ƙaramin kamfanin manhaja kuwa ba lalle ya kai biyar ba. Wannan ma dalili ne na zaɓen kayan da ke aiki ta cikin gida.

Mitar kati da solar biya kaɗan-kaɗan suna cikin wannan lissafi?

Suna ciki, kuma sun fi kowane kwan mai launi shiga gidajenmu. Solar da kamfanoni irin su M-KOPA suka yaɗa daga Kenya, da wadda Lumos ya kawo Najeriya tare da MTN, tana buɗewa in ka biya ta waya, ta kulle in kuɗin ya ƙare. Mitar kati kuwa darasi ce ga duk mai ƙira: lambobi 20 ɗin da kake dannawa suna ɗauke da komai, mitar ba ta bukatar sabis. Amma a cikin lambobin akwai ƙidayar mintuna da aka fara daga 1 ga Janairun 1993, wurin ajiyarta kuma ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa KEDCO da sauran kamfanonin wuta suka yi ta shelar a karɓi lambobi na musamman a sabunta mita kafin ranar.

Suna jin Hausa?

Alexa, muryar da ke cikin Amazon Echo, tana jin Turanci da Faransanci da Larabci da Hindi da wasu 'yan harsuna, babu Hausa a jerin. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma fassara rubutu daban, gane maganar tsohuwa a kicin ana daka daban. Ana bukatar muryoyi masu yawa na maza da mata, Sakkwatanci da Kananci da Damagaranci. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga duk mai son bayarwa, ƙungiyar Masakhane kuma tana aiki a kan harsunan Afirka.

Ni ɗalibi ne, ina son in riƙa ƙera irin waɗannan. Ta ina zan shiga?

Sayi ESP32, ƙanen ESP8266 da ya fito a 2016, da ɗan makunni da na'urar auna nisa. Yi abin da zai gaya maka yawan ruwan tankin gidanku. Koyi rubuta masa umarni da manhajar Arduino, sannan MQTT, hanyar aika gajerun saƙonni da aka ƙirƙira a 1999 don sa ido kan bututun mai ta layi mai rauni da tsada, wanda ya sa ta dace da sabis irin namu. Daga nan ka ɗora Home Assistant, manhajar kyauta ta sarrafa kayan gida da Paulus Schoutsen ya fara a 2013, a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta. Ka tsaya a kan bolt 5 da 12 har sai ka zauna da ƙwararren mai wayarin. 230 ba ta yafiya.

Abin da zai bambanta kayanka da na kwali shi ne gwaji a inda za a yi amfani da shi. Ka bar shi a kan tanki cikin ranar Afrilu ta Sakkwato ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40. Ka ga yadda ƙura da ƙadangaru da tururuwa za su yi da akwatin. Ka yanke masa wuta sau da yawa a jere ka ga ko zai dawo da kansa. Ka sa masa layin waya ya riƙa aika tes, domin mai gadi da yawancin iyayenmu ƙaramar waya ce a hannunsu. Mai gidan kaji da ke son sanin zafin ɗakin tsaki cikin dare, da mai kemis da ke tsoron firij ya mutu da allurai a ciki, sun fi mai son fitila shuɗiya saurin biya.

Zan tashi daga gidan haya, ko zan sayi kayan na hannu. Akwai abin lura?

In za ka bar kayan, cire su daga asusunka, ka mayar da su yadda suka fito daga masana'anta, ka zare katin ajiyar kyamara. In kai ne mai shigowa ko mai saye, ka sa mai su ya cire su daga nasa asusun a gabanka. Kyamarori da makullai da yawa ba sa karɓar sabon mai gida muddin tsohon bai sake su ba, danna maɓallin gogewa kaɗai ba ya isa.